Keke Lafiyarsa Lau

Ranar Litinin

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, don mu nan ba dukanmu muke lafiya ba. Babanku hawan jinin ya ɗan lafa, amma ido sai a hankali, jarida ma yanzu riƙe ta kawai yake yi don sabo. Yayarka lafiyarta lau, bakinta ma haka. 'Yan biyunka, namijin ya yi tari ya warke, macen tana famfara, kowa ya shigo sai ta nuna masa giɓinta. Ni gwiwa ce kamar kullum. Matarka kuwa ba a kwance take ba, amma ba ta da lafiya, kuma kai ne sanadi.

Wannan da hannuna na rubuta. Shekarata biyu ke nan a ajin manya, ka sani ko ba ka sani ba, tunda ba ka taɓa tambaya ba. Idan ka ga layi ya karkace, ka karanta shi a karkace. Ban kira ka ta wayar yayarka ba, don ita idan ta ba ka aron waya har da kunnenta take haɗawa. Na ba direban motar safe takardar nan, ya ce ya san gidan da kuke ɗaukar waƙa.

Maganar waƙar nan ce da ka rubuta, wadda yarinyar nan mai siririyar murya take rerawa. Na fara jin ta a wurin mai injin niƙa. Na ji ta a shagon mai cajin waya. Jiya kuma na ji ta a cikin gidana, 'ya'yanka suna yi a bahon wanka suna tafi:

"Kekena lafiyarsa lau, ni ce ba lafiya,
na kwance noti da hannuna, na ce ya lalace."

Aka ce a rediyo har sunanka ake faɗa, wai kai ne mai kalmomin. To madalla. Mun biya maka makaranta don ka zama mutum, ka zama mai koya wa matan aure yadda ake ɓata keken ɗinki don a je ganin mai gyara.

Kai ba ka da tunani ne? Matarka tela ce, duk layin nan an sani. Tsohon kekena take ɗinki da shi, wanda na ba ta da gwiwata ta ƙi taka shi. A watan jiya sau biyu ta cire kan keken ta kai wa mai gyara na bakin kasuwa, don yana tsinka zare, kuma babanku ba ya gani balle ya duba mata. Sai ga waƙar mijinta ta fito, matar aure ce, tela ce, tana son mai gyaran keke. Me kake so mutane su ce? Sun ce ka kama ta ne, kunya ta hana ka faɗa, shi ne ka tona mata asiri da kiɗa.

Yanzu idan ta fita sayen zare, samarin bakin titi tambayarta suke ko keke ya samu. Matar mai wanki ta shigo ta karɓi yadinta ba a ɗinka ba, ta ce ta fasa. Matarka ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dai daina cin abinci tare da mu, ta kuma daina buɗe tagar ɗakin ɗinkin, tana aiki a duhu da rana tsaka.

Maƙwabta sun tare ni da zancen, na ce musu Allah ne masani. Ban ce ta yi ba, ban ce ba ta yi ba. Ni ba alƙali ba ce, kuma ba ni na rubuta waƙa ba.

Babanku bai ce komai ba. Idan an sa waƙar ba ya kashe rediyon, ba ya kuma ƙara murya. Zama kawai yake yi da hannu a kan gwiwa har ta ƙare. Wannan zaman nasa ya fi komai tayar mini da hankali, da jininsa da ba ya son ɓacin rai.

Abu biyu nake so. Na farko, ka je ka ce su daina sa ta. Kai ka kunna wutar, kai za ka kashe. Na biyu, ka faɗa mini gaskiya, a ina ka samo zancen noti? Mutum ba ya zama haka kawai ya san wane noti ake kwancewa a jikin keke. Kai ko allura ba ka taɓa zura wa zare ba. Wa ya ba ka labari? Ka rubuto mini, kada ka faɗa wa yayarka.

Babanku yana gaishe ka. Ni ma, duk da haka.

Mahaifiyarka.


Ranar Talata

Auta,

Bayan gaisuwa. Babanku yana nan yadda yake. 'Yar biyu ta fitar da haƙori na biyu. Ni ba na iya cin abinci.

Na ce ka rubuto mini, sai ka kira yayarka. Ta shigo tana kwaikwayon muryarka, wai waƙa ce kawai, ba a ambaci sunan kowa ba, wai tsofaffi ba su san fasaha ba. Na gode. Ni da na wanke maka kashi ni ce ban san fasaha ba. Tambayar da na yi maka kuwa ka tsallake ta kamar kwata.

Bari in ba ka labarin fasaharka. Ranar Alhamis matar mai gyaran bakin kasuwa ta zo har ƙofar gida da goyo a bayanta. Ba ta yi sallama ba. Ta tsaya a tsakar gida tana kiran matarka ta fito, ta ce mata abin da ba zan rubuta ba, don malamarmu ba ta koya mana irin waɗannan kalmomi ba. Mijin nata, bawan Allah, yaro ne da bai kai ka ba, an ce ya rufe shago kwana uku don tsokana. Matarka ta fito da almakashi a hannu, ba don komai ba, yanka take yi aka kira ta. Kafin yamma labari ya zagaya wai ta zaro wa mutane makami.

Ni ina ɗaki ina jin komai. Ban fito ba. Ka rubuta wannan ma a waƙa idan kana so.

Surukinka ya ji. Ya aiko ƙaninsa ya gaya wa babanku cewa ranar Asabar ta ƙarshen wata zai zo da kansa. Ya ce ko dai a wanke 'yarsa a gabansa, ko ya tafi da ita. Ka san shi, tsohon malamin makaranta ne, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma janye magana. Saura kwana goma sha ɗaya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro yau. Malamarmu ta ba mu aikin gida, ta ce kowa ya rubuta abin da ya ji a rediyo, kalma bayan kalma, don hannu ya saba bin kunne. Wasu sun rubuta labarai, wata ta rubuta tallan sabulu. Ni na ce bari in rubuta taka. A da amshin kawai nake kamawa, saboda kiɗan ya yi yawa, yarinyar kuma tana cinye kalmomi. Kwana huɗu ina tsaron rediyo da littafi a cinya. Duk sanda aka sa ta in kama layi ɗaya ko biyu. Mai rawa ba ya jin abin da mai rubutu yake ji, Auta. Mai rubutu dole ya tsaya a kan kowace kalma.

Ga abin da na samu a baiti na uku:

"Yaro na wasa da kwarkwaro a ƙarƙashin benci,
mai gyara ya miƙo takarda, ya ce mu tafi.
Ƙafata ta koma gida, idona ya kwana a shago."

Matarka ba ta taɓa zuwa wurin gyara da yaro ba. Shagon bakin kasuwa ba shi da benci, a tsaye ake jira. Na je da kaina na duba, da wannan gwiwar.

Ga kuma baiti na huɗu, wanda ya sa na ajiye biron na fita waje:

"Mijina bango ne, in jingina in yi shiru,
bango ba ya gani, bango ba ya tambaya."

Kai. Kai ne za ka kira wani bango?

Shekararka biyar a lokacin. Na ɗauka wasanka kawai kake yi. Na ɗauka yaro idan ya girma ya manta. Ashe kana ƙarƙashin benci kana tara kayan sana'a.

Ba zan ƙara komai yau ba. Amma ka sani na gane, kuma na san ka san na gane. Tun ranar da waƙar ta fita ka san ba matarka ba ce, ka bar ta tana shan zagi, ka ce wa yayarka fasaha. Ni aƙalla tsoro ne ya rufe mini baki. Kai me ya rufe naka?

Ka zo kafin Asabar ɗin. Ka tsaya a gaban surukinka ka ce ƙirƙira ce, ka rantse masa matarka ba ta ciki. Ba ƙarya za ka yi ba a rabin maganar. Idan kai ka faɗa, za a yarda.

Mahaifiyarka.


Ranar Lahadi

Auta,

Gaisuwa. Kowa yana nan. Direba ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka karanta a gabansa, ka sa a aljihu, ka ce ka ji. Kwana biyar ke nan ba amsa.

Tunda ka sayar da labarina ba ka tambaye ni ba, bari in ba ka shi daidai, don wanda ka sayar jabu ne.

Babanku a lokacin yana tuƙa motar ruwa. Ya fita kafin ku tashi, ya dawo a gajiye, rigarsa tana warin man mota. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Amma idan ka tara maganar da yake yi mini a yini, ba za ta cika cokali ba. An ci? An ci. Yara fa? Suna nan. Shi ke nan. Ina da shekara talatin da ɗaya, da 'ya'ya huɗu, da keke.

Ranar farko keken da gaske ya lalace. Na naɗe kansa a tsohon zane, na ɗora a kai, na riƙe hannunka, muka tafi shagon mai gyara da ke bayan tashar mota. Yanzu an rushe wurin. Mutumin ba kyakkyawa ba ne kamar yadda ka sa yarinyar take faɗa. Gajere ne, da tabo a haɓa. Ya ce in zauna a benci, ya ba ka kwarkwaron da ba zare ka yi wasa. Yana aiki yana tambayata yadda nake yanka wuyan riga har ya zauna haka. Na ba shi amsa, ya saurara. Na faɗi wani abin dariya a kan wata mai kawo ɗinki, ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa. Mai keke yake kirana. Iyakar abin ke nan, Auta. Wani ya tambaye ni, ya jira amsa.

Bayan wata ɗaya na kwance notin da hannuna. Wannan ka faɗi gaskiya. Sau bakwai na yi a cikin shekara guda. Ya san lafiyar keken lau, na san ya sani. Yakan ɗauki awa guda a kan aikin da bai kai minti biyu ba. Ko yatsana bai taɓa taɓawa ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, a kan hanya nakan gyara ɗaurin kallabi sau uku, kuma idan na dawo ba na iya kallon babanku a ido. Na san abin da nake yi ba kyau. Na kuma ci gaba da yi.

A zuwa na bakwai bai yi dariya ba. Ya ɗaure notin nan take, ya miƙo mini takarda a ninke, ya juya baya. Wannan ka gani. Amma bai ce mu tafi ba, bai ce komai ba. Kai ka sa masa magana a baki.

Ban iya karatu ba. Wa zan kai wa? Babanku? Yayarka da take aji uku? Na naɗe ta a leda, na cusa a bayan 'yar durowar keke, inda katako ya ɗan buɗe. A raina na gama karanta ta. Na ce kirana yake yi in bar gida in bi shi. Sati biyu ina kai da kawowa a cikin zuciyata, ina kallonku kuna cin abinci. Sai na ce bari in koma sau ɗaya, ko don in ji da bakinsa. Na sake kwance notin, na ce wa babanku keke ya tsaya.

Da safe kafin ya fita ya zaro sukundireba daga aljihu, ya durƙusa gaban keken, ya ɗaure notin, ya taka ya ji sauti. Ya ce daga yau shi zai riƙa gyarawa. Ya tafi aiki.

Na ce rowa ce. Na tsane shi shekara guda cur a kan wannan sukundireban. Daga baya abin ya huce. Na ji an ce mai gyaran ya tashi daga garin, ban tambayi inda ya koma ba. Babanku kuwa duk ranar hutunsa sai ya zauna ya sa wa keken mai, ya goge, har idonsa ya gaza. Ni kuma na zauna da takardata. Duk sanda rai ya ɓaci sai in tuna an taɓa kirana na ƙi zuwa. Da wannan na yi ta jin ni wata ce. Na ce na yi wa babanku alherin da bai ma sani ba.

Kuna tsammani don karatun sunan magani na shiga ajin manya. Haka na faɗa muku. Babanku ne ma ya kai ni aka yi mini tabarau. Wata bakwai na yi kafin in iya haɗa kalma. Ranar da na ga zan iya, na rufe ƙofa da hantsi, na warware ledar. Ga abin da ke ciki, na kwafe maka harafi da harafi:

"Mai keke, kekenki lafiyarsa lau, ke ma kin sani. Jiya maigidanki ya zo ya ce in koya masa ɗaure notin. Na koya masa, na ba shi sukundireba. Bai ce komai ba, godiya kawai ya yi. Ni na ji kunya. Kada ki ƙara kawowa. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Shekara talatin ina alfahari na ƙi amsa kiran da ba a yi mini ba. Shekara talatin ina kwana kusa da mutumin da ya sani, ya je har shagon, ya durƙusa ya koyi aiki a hannun wanda ya kamata ya shaƙe, ya dawo bai ko canza mini fuska ba. Shi ne bangonka da ba ya gani.

Ban gaya masa na karanta ba. Na ce mu mutu a haka, kowa da shirunsa. Sai ga ka da ganga.

Yanzu ka san abin da ke gabana. Idan ba ka zo ranar Asabar ba, hanya ɗaya ta rage da za a wanke yarinyar nan, kuma a hannuna take. Kada ka sa in yi wannan a gaban baƙo, a gaban yayarka, da furfurata. Ban taɓa roƙonka komai ba. Wannan ma ba roƙo ba ne, haƙƙina ne a kanka.

Ka ƙona wannan takardar idan ka gama. Idan na ji layi ɗaya daga cikinta a rediyo, ba ni ba kai.

Mahaifiyarka.


Ranar Lahadi, kashegarin zuwan surukinka

Auta,

Ba zan ce ina fata kana lafiya ba, na san lafiyarka lau, tunda ka iya shiga kasuwa ka zaɓo wa 'yan biyu takalma. Direba ya kawo ranar Juma'a. Na zazzage kwalin har sau biyu ko akwai takarda a ciki. Takalman ma sun yi musu kaɗan. Ko girman ƙafar 'ya'yanka ba ka sani ba.

Babanku lafiya. Yayarka tun jiya ba ta yi magana ba, abin da likita ma bai taɓa iyawa ba. Ni ina nan. Matarka da yara ba sa nan.

Surukinka ya zo da hantsi da ƙaninsa. Aka zauna a falo, babanku a kujerarsa, matarka a ƙasa kusa da ƙofa, yayarka a tsaye. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi 'yarsa ya sani, amma gari bai sani ba, kuma wanda ya kamata ya yi magana ya aiko takalma. Ya tambaya ko akwai mai abin cewa a gidan nan. Na kalli ƙofa har lokacin, wai ko za ka shigo.

Na tashi na ɗauko ledar, na sa tabarau. Na ce waƙar nan ba ta yarinyar nan ba ce, tawa ce, kuma ga shaida. Yayarka ta ce, "Inna, zauna mana," ta ɗauka ruɗewa na yi. Ban zauna ba. Na faɗi shekarar, na faɗi shagon, na faɗi sau bakwai. Sannan na fara karatu.

Ka san yadda nake karatu, da yatsa, ina tsayawa. Jiya kuwa haruffan rawa suke yi. Na wuce layin farko da ƙyar. Da na kai "jiya maigidanki ya zo ya ce," sai na maƙale. Na koma baya na sake gwadawa, na kasa wucewa.

Sai babanku, idonsa a rufe, ya ce, "In koya masa ɗaure notin. Ci gaba."

Na ci gaba. Duk inda na maƙale sai ya ba ni kalmar, kamar yadda malamarmu take yi. Har ƙarshe bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ashe duk ranar hutun da yake sa wa keken mai, yana ganinta a bayan durowa. Ya karanta, ya ninke yadda na ninke, ya mayar.

Surukinka ya ce wa babanku ya yi haƙuri, bai san abin da zai tono ke nan ba. Ya ce shi kam an wanke masa 'yarsa, da bakinsa zai gaya wa wanda ya tambaya cewa tsohon labari ne na wasu mutane, ba zai ambace ni ba. Na ce ya ambata, don idan ba a sa suna ba, a kanta za a ci gaba da ɗorawa. Na ɗauka magana ta ƙare.

Sai matarka ta ɗago kai. Ni ta kalla, ba babanta ba. Ta tambaye ni yaushe na gane. Na so in ce ranar da na rubuta baitin. Amma na gaji da ƙarya, na ce tun ranar da na fara jin amshin a wurin mai niƙa.

Ta ce, "Ranar da matar nan ta zo tana zagina, kina ɗaki, Inna."

Na ce ina ɗaki.

Ta durƙusa ta gaida babanku, ta daɗe a durƙushe, ya dafa mata kai. Ta shiga ta haɗa kayanta da na yara. Ta gaya wa babanta ba don zancen gari za ta tafi ba. Ta ce mutum biyu ne suka san gaskiya tun farko, mijinta da uwar mijinta, sati uku suna kallonta tana ɗinki a duhu. Na ce ta tafi da keken, sana'arta ce. Ta ce a'a, ya zauna a nan, nan ne gidansu.

Ban ga laifinta ba. Nawa na ɗauka, na kuma biya a gaban mutane. Saura naka.

Ta bar saƙo, ta ce in rubuta maka tunda na iya. Za ta jira ka a gidan babanta har ranar Laraba ta sama. Ba waya, ba aike, ba takalma. Ka zo da ƙafarka, ka fara biyawa ta shagon yaron nan na bakin kasuwa ka ba shi haƙuri a gaban matarsa, sannan ka je ka same ta. Idan Laraba ta wuce, ta ce takarda ɗaya ta rage da take so ka rubuta, kuma ba mai kiɗa ba.

An kuma ce kuna shirin fitar da kashi na biyu na waƙar. Idan haka ne ka faɗa mini, in san ko 'ya'ya huɗu nake da su ko uku.

Bayan kowa ya watse na zauna kusa da babanku. Ya tambaya ko an ci. Na ce ba a ci ba. Ya ce to a ci. Da na miƙe sai ya ce idan zan rubuta maka in sa masa saƙo. Na ɗauka zai ce ya yafe maka, ko bai yafe ba. Ga saƙon yadda ya faɗa: wai a waƙar ka ce notin sama ake kwancewa, ba shi ba ne, na ƙasa ne kusa da kwarkwaro. Ya ce mutum idan zai yi aiki, ya tambayi wanda ya sani.

Ina jiran amsarka a hannun direban safe kafin Laraba. Ka rubuta da manyan haruffa, ni zan karanta, babu mai taya ni.

Mahaifiyarka, mai keke.